Ranar Da Na Suma A Kan Katifar Amarya

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, ko da kuwa na so in manta, domin 'yan layin katifa na kasuwar Gusau sun ɗauki alkawarin tuna mini har ƙarshen rayuwata. Har yau in na ratsa ta wurin sai wani ya ɗago kai ya ce, "Sista, ya jiki?" alhali lafiyata ƙalau, ko mura ba na yi. Ni kuwa sai in ce da sauƙi, in ƙara sauri.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin kuɗi a nan Gusau, na kusa shekara ashirin ina wannan aiki. A shekarun nan babu abin da ban gani ba, kuma babu abin da ban ɗauka ba, daga jariri sabon haihuwa har ƙaton da ya faɗo daga kan mashin. Bayana ya fara ciwo, ƙafafuna suka riƙa kumbura, ban kula ba. Abin da ya tsorata ni shi ne ranar da na yi sujada a sallar la'asar, ban ɗago ba sai da 'yata ta taɓa ni. Barci na yi, goshina a ƙasa, a gaban Ubangijina. Washegari na sami likitan da ke da asibitin na ce masa ina so in rage aiki, in riƙa zuwa Litinin da Laraba da Juma'a kawai, albashin ma a rage, na yarda.

Likita bai ja ba. Wadda ta ja ita ce Anti Lami, shugabarmu ta ma'aikatan jinya, wadda ta koya mini riƙe allura. Ta ce ina tsakiyar ƙarfina, yanzu ne ake hawa sama ba sauka ba, kuma da ƙafata zan dawo in roƙi cikakken aiki. Sauran abokan aiki kuwa kowa ya kawo nasa fassarar. Wasu suka ce ciki ne da ni (a wannan shekarun nawa, Allah ya shirye su), wasu suka ce kemis zan buɗe, wasu suka ce wata ƙungiya ce ta ɗauke ni a ɓoye. Duk wanda ya tambaye ni na ce masa gajiya na yi, sai ya yi murmushi ya ce, "To, mun ji, amma mene ne ainihin dalilin?" A garin nan gajiya ba ta isa dalili ba sai an ga mutum a kwance.

Duk wannan bai dame ni ba. Matsalata tana gida, kuma sunanta Inna.

Inna mahaifiyata ce, mutuniyar Kucheri ta ƙasar Tsafe. Da zama ya yi wuya a can muka ɗauko ta ta dawo wurinmu. Mace ce da ban taɓa ganin ta kishingiɗa da rana ba, in babu aiki sai ta ƙirƙiro, ko da tsince tsakuwa ce a cikin gero mai tsabta. Ni ce 'yarta ta fari, don haka tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, saboda kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ina ƙarama "ke" nake, ko "waccan". Da na fara aiki na samu ƙarin girma, na zama "ta-asibiti". Ba ta yabona, ba ta tambayar lafiyata a gaban mutane, in na yi tuntuɓe ma sai ta kau da kai. Amma duk wanda ya fito daga Tsafe da ciwon kai ya san akwai likita a gidan Inna, kuma ba ni na gaya musu ba.

Gidanmu asibiti ne na biyu. In na dawo aiki nakan tarar da mutane a jere a kan tabarma, Inna ta riga ta ba su kunu. Wannan a auna masa jini, wannan a cire mata zaren ɗinki, wannan ya juye mini ledar magunguna a cinya in gaya masa wanne ne na safe. Sai Inna ta nuna ni da haɓa ta ce, "Ga ta nan ta komo." Shi ke nan, ko hijabi ban cire ba an buɗe layi.

To ka gaya mini, mai karatu, in wannan baiwar Allah ta ji cewa Talata da Alhamis ina gida tun safe har yamma, me zai faru? Hutun jaki da kaya a ka zan yi. Kwana biyun da na saya da rabin albashina za su koma hannun jama'ar Tsafe da Bungudu kyauta. Ga kuma abin da ya fi wannan, ban san da wane baki zan ce wa matar da ba ta taɓa hutawa ba wai na gaji. Saboda haka na yanke shawarar da a lokacin na ɗauka hikima ce: ba zan gaya mata ba.

Kowace Talata da Alhamis sai in tashi da wuri, in goge farin yunifom ɗina, in saka, in rataya jaka, in durƙusa in ce wa Inna na tafi aiki. Ta ce Allah ya tsare. In tari Keke Napep, maimakon asibiti in ce kasuwa. A layin katifa akwai ƙawata Maman Chioma, 'yar ƙabilar Ibo amma haihuwar Gusau, wadda in tana Hausa ta bayan labule sai ka rantse daga Magami ta fito. Ni na karɓi haihuwar autanta, tun daga nan muka ƙulle. A bayan shagonta akwai ɗakin ajiya, katifu jibge har rufi, ga fanka, ga duhu mai daɗi. Nan nake cire takalmi, in shimfiɗa zani a kan wadda ta fi laushi, in yi barcin da rabona da irinsa tun ina makaranta. Da la'asar in wanke fuska in koma gida ina ɗingishin gajiya, Inna ta ce sannu da aiki. (Na san abin da kake tunani. Ni ma na yi wannan tunanin, amma barcin ya fi shi nauyi.)

Maigidana, wanda ke koyarwa a wata makaranta a Bungudu, ya san komai. Ya ce shi yana goyon bayan rage aikin ɗari bisa ɗari, amma wannan wasan yunifom ɗin ramin ƙarya ne, kuma ƙurarre ne. Na ce masa wanda ke hutun ƙarshen zango sau uku a shekara ba shi da bakin magana a kan hutu. Ya ce to, akwai rana.

Kafin in kai ka ga ranar, sai na gaya maka wani abu game da ni, don ka san girman abin da ya same ni. A asibitinmu ni ce gwanar kama masu suman ƙarya. Akwai su da yawa: ɗalibar da jarrabawa ta ritsa da ita, matashin da aka kama ya kwana a waje, matar da ta yi faɗa da miji tana so ya tsorata. Da an shigo da su ana salati sai a ce a kira ni. Dabarata biyu ce. Ta farko in ɗaga hannun mutum saitin fuskarsa in saki. Mai suman gaske hannun kan fuskarsa zai faɗa, na ƙarya kuwa hannun zai kauce da kansa ya sauka a gefe, don babu mai son marin kansa. In wannan ba ta yi ba, sai in ɗaga murya in ce a kawo mini Taɓarya. Taɓarya wani ƙaton sirinji ne da muke wankin kunne da shi, ba a allura da shi ko kaɗan, ni na raɗa masa sunan. Da an ce za a yi wa mutum ita a tafin ƙafa sai ka ga an fara motsi ana neman ruwa. Na yi alfahari da wannan gwaninta shekara da shekaru, har sababbin ma'aikata nake koya wa.

To, ranar Talatar da nake ba ka labari, ina fita daga gida ashe Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, tana hanya daga Karakkai ita da wasu mata biyu. Za ta aurar da 'yarta, ta zo sayen katifar amarya, ta biya ta ɗauki Inna don ta taya ta zaɓe. Wane shago za su je? Ai ni da bakina, watanni kafin nan, na ce musu duk ranar da za a sayi katifa kada a je ko'ina sai wurin ƙawata, a ambaci sunana za ta yi ragi. Na haƙa ramin, na manta, na je na kwanta a ciki.

Maman Chioma ta fita sayo mana waina, ta bar wa maƙwabta su duba shagon. Gwaggo Asabe kuwa ba ta san jira ba. Ta gama latsa katifun waje ta ce duk kwali ne, masu kyan a ciki ake ɓoye su, ta ɗaga labule ta shige ɗakin ajiya. Abin da ta tarar shi ne ni, cikin farin kaya, a miƙe, ƙafa ba takalmi, baki a buɗe (wannan daga baya aka ba ni labari, kuma an ba ni shi fiye da yadda nake buƙata).

Salatinta ne ya tashe ni. Kafin in buɗe ido na ji ta ce, "Yaya, taho ki gani. Wagga ba ta-asibiti ba ce?"

Sai na ji takun da na sani tun ina cikin zanin goyo. Takun ya tsaya a kaina. Muryar Inna ta ce, a hankali, "Mi taka yi nan?"

A wannan lokacin hanya biyu ce a gabana. In buɗe ido in ce Inna barci nake, kuma na daɗe ina yi miki ƙarya. Ko kuma in bar idon a rufe. Mace mai hankali, mai 'ya'ya huɗu, wadda ake kira Sista ana rusunawa, ta san wadda za ta zaɓa. Ni kuwa na ƙara sakin jiki, na karkatar da wuya gefe, na rage numfashi. A raina na ce minti kaɗan ne, za su yayyafa mini ruwa, in farfaɗo a hankali in ce "ina ne nan?", a kai ni gida a wuce wurin.

Ban yi lissafi da kasuwa ba. Kafin ka ce kwabo ɗakin ya cika. Ruwan da na zaci yayyafi ne ya zo a bokiti, mai sanyi kuwa, daga wurin mai sayar da lemo. Wata ta murje albasa ta tura mini a hanci. Wani ya kama babban yatsan ƙafata yana murɗawa, wai haka ake yi a garinsu. Wani dattijo ya yi mini tofi, ya ce ɗakunan ajiya irin waɗannan ba a rasa mutanen ɓoye a ciki. Duk na daure. Ina cikin haka na ji Maman Chioma ta kutso, ƙamshin waina na biye da ita. Sai na ji ta ce, ba ko gargada, "Awon jini ta taho yi min daga asibiti, ta ce jiri na ɗibar ta, na ce ta ɗan kwanta." Ta sunkuyo kamar mai gyara mini hijabi, ta kama naman damtsena ta murɗe shi iya ƙarfinta. Wannan mintsinin shi ne duk ra'ayinta a kan lamarin, kuma na fahimta.

Na so in farfaɗo a nan, wallahi na so. Amma jama'a sun yi yawa, kuma an riga an wahala a kaina, na ga farfaɗowa da wuri zai zama kamar raini. Ina wannan shawara sai na ji an ɗaga katifar da ni a kai. Maza huɗu suka ɗauko ni suka ratsa layin, ana ta "a ba da hanya", ni kuwa ba ƙaramar mace ba ce, ina jin ɗayansu yana nishi yana cewa a canja hannu. A bakin titi aka juye ni cikin Keke Napep, kaina a cinyar Gwaggo, ƙafafuna a waje suna gaida jama'a. Mai keken ya tambaya wane asibiti. A raina ina roƙon Allah ya sa su ce mafi kusa, inda ba a san ni ba.

Inna ta ce, "Kai ta wurin aikinta, can anka san ta."

A hanya Gwaggo tana kuka tana lissafa alherina, wasu ma ban san na yi ba. Inna kuwa ta matsa a gefen kujera wajen ƙafafuna, ta juya fuska waje yadda ta saba. Sai dai duk ramin da muka faɗa ina jin wani busasshen hannu ya riƙe idon sawuna, in mun wuce ya saki. Wannan hannun ya fi ruwan sanyin da albasar damuna, amma na riga na yi nisa.

Baba mai gadi na ganin ƙafafuna ya gane takalmi ɗayan da aka saka mini, ya wangale ƙofa yana cewa Sista ce. Aka ɗora ni a gado mai taya, aka tura ni ɗakin gaggawa, ɗakin da ni nake ba da umarni a cikinsa. Na ji wata mai shara ta fara cewa, "Ai yau ba ranar..." sai muryar Anti Lami ta katse ta, ta ce kowa ya matsa. Ta kama hannuna ta ji bugun jini. Ta ɗaga fatar idona ta haska. Ta auna ni. Sannan ta yi shiru, shirun da na sani sarai, domin ni ma irinsa nake yi in na gano mutum.

Gwaggo ta samu wurin sauke fushi. Ta ce asibitin nan ba su da imani, sun mai da yarinya jaka, kullum aiki, babu ranar hutu, ga shi sun kashe ta. Anti Lami ta saurare ta har ta gama, sannan ta ce cikin ladabi, "Gaskiyarki, Gwaggo. Muna wahalar da ita ƙwarai, musamman ranar Talata."

Daga nan na ji ta ɗaga hannuna saitin fuskata. Na gane me za a yi. A raina na ce, Anti Lami, ni za ki yi wa wannan? Ni da na kawo dabarar asibitin nan? Ta saki, ni kuma na saki, hannuna ya sauko da duk nauyinsa, har da zobe, ya daki karan hancina. Hawaye ya taru, ban motsa ba. Ta sake ɗagawa, ta ƙara tsawo, ta saki. Na sake marin kaina. Na ji wata daga cikin yaran da na koya wa aiki ta fita da gudu, tana tari irin na mai danne dariya.

Anti Lami ta ɗaga murya ta ce a kawo Taɓarya, za a yi a tafin ƙafa. Nan kam har wani daɗi na ji, don na san Taɓarya ko tsinke ba ta da shi. Aka kawo, aka goga mini auduga mai sanyi a tafin ƙafa, Gwaggo na cewa a yi a hankali. Ko gezau. Ina kwance jiƙe sharkaf, ina warin albasa, hancina na zugi, amma wani ɓangare na zuciyata yana taƙama cewa yau an ga ƙwararriya. (Dubi inda girman kai yake kai mutum.)

Anti Lami ta ajiye Taɓarya. Na ji ta ja numfashi, sannan ta juya ta ce wa Inna wani lokacin mai suma ba ya jin kowa sai mahaifiyarsa, ta matso ta kira ni da sunana. Gwaggo ta yi saurin cewa ai 'yar fari ce, Yaya ba ta faɗin sunanta, bari ita ta kira. Anti Lami ta ce a'a, sai dai uwa. In ba za ta iya ba, to sai a jira ikon Allah.

Na tabbata Inna ba za ta yi ba. Matar da ko a ranar aurena ba ta shigo ɗakin da nake ba, ita ce za ta kira sunana a gaban baƙi? Sai na ji takun nan ya matso. Busasshen hannun nan ya sauka a goshina. Ta sunkuyo har ina jin ƙamshin man kaɗanyar da take shafawa. Sannan ta kira sunana, na yanka, cikakke, ba gutsurewa, a hankali kamar mai tsoron kada ya fashe a bakinta.

Na ce, "Na'am, Inna."

Da murya garau na faɗa, irin ta wadda aka kira daga kicin. Ban yi nishi ba, ban yi "ina ne nan?" ba, duk shirin farfaɗowar da na tsara tun daga kasuwa ya tafi a banza. Bakina ne ya amsa kafin in ba shi izini. Na buɗe ido na ga abokan aikina a jere, na ga Baba mai gadi a bakin ƙofa, na ga 'yan kasuwar da suka biyo mu a kan mashin sun cika taga. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Gwaggo ta yi kabbara ta ce ikon Allah, muryar uwa magani ce. Ka ga an buɗe mini ƙofar fita, in na so sai in lumshe ido in ce jiri ne, kowa ya tafi da labarin al'ajabi. Amma na dubi Inna. Ta riga ta janye hannunta, tana kallona ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta haifi tara, ta yi jinyar mutane kafin a san za a haife ni, ta san yadda mai suma yake dawowa, kuma ba haka ba ne.

Kunya in ta kai maƙura takan juye ta zama wani abu dabam. Na tashi zaune, ruwa na ɗiga daga hijabina, na ce, "Inna, ban suma ba, barci nake. Na rage aiki, Talata da Alhamis ba na zuwa. Ba korata aka yi ba, ba ciwo nake ba, ba ciki ne da ni ba. Gajiya na yi. Kuma ba zan koma ba." Na juya wajen taga na ce duk wanda bai ji da kyau ba ya matso in maimaita masa.

Babu wanda ya matso. Inna ta gyara mayafinta, ta ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Tun randa anka raɗa miki sunan ga nike aje da shi. Yau kin sa na hidda shi saboda barci." Ta juya ta fita.

Na sha maganganu a rayuwata, daga likitoci da majinyata da danginsu, babu wadda ta taɓa shiga jikina kamar wannan. Ranar na yi kuka na gaske a ɗakin canja kaya. Anti Lami ta shigo ta miƙo mini busasshen zani da ƙanƙara in ɗora a hanci, ta ce a duk shekarunta ba ta taɓa ganin wanda ya ci jarrabawar hannu sau biyu ba. Ta ƙara da cewa har yanzu tana ganin na yi wauta da na rage aiki. Na ce ta ci gaba da gani.

Maigidana da ya dawo daga Bungudu ya riga ya ji labarin a tasha, a bakin wani direba, har da ƙarin cewa gawa ce ta tashi. Bai ce "na gaya miki" ba, ya dai yi ta shiga ɗaki yana fitowa da jajayen idanu saboda dariya. Gwaggo kuwa ta koma ta sayi katifar nan da na kwanta a kai, duk da ta jiƙe, ta ce wadda ta sa mutum barci har aka zaci ya mutu ba a barin ta. Kafin ta tafi ta ja ni gefe ta raɗa mini cewa Inna ma tana amarya, lokacin girbi, cikin rumbu take shigewa ta yi barci a yi ta nemanta. Da maganar ta koma kunnen Inna ta ce ƙarya ce, Asabe tun tana yarinya ba ta da aiki sai ƙage.

Inna ta yi kwanaki ba ta amsa mini komai sai gaisuwa. Talata ta zagayo. Ban goge yunifom ba, na ɗaura zanina na gida na zauna a tsakar gida inda kowa zai gan ni. Hantsi bai gama ɗagawa ba aka fara sallama, labari ya riga ya kai har Tsafe cewa likita tana gida. Na fita da kaina na ce musu in haihuwa ce, ko yaro na jijjiga, ko jini na zuba, a tashe ni ko ina cikin barci, amma awon jini da ledar magani sai gobe a asibiti. Wata tsohuwa ta ce ashe boko yana cire tausayi. Na ce eh, yana cirewa ranar Talata da Alhamis. Na shiga ɗaki na tura ƙofa, ina jiran in ji Inna ta shimfiɗa musu tabarma.

Can aka sake sallama, muryar namiji, yana tambayar ko ta-asibiti na nan. Na kasa kunne. Na ji an ja kujera 'yar tsuguno zuwa bakin zaure, sannan na ji Inna ta ce, "Tana nan, amma ta suma. Ku iske ta asibiti gobe."

Har yau haka take sallamar su, fuskarta ba alamar wasa. Ba wai ta yarda da abin da na yi ba ne, in ta tashi tsokana takan ce wa jikokinta su yi a hankali kada su tashi mai rabin aiki. Ni kuma ban koma ba, kuma ba zan koma ba. Bayana ya lafa, ina idar da sallata a farke, ranakun da nake asibiti majinyata suna samun mutum, ba gawa mai tafiya ba. Rage aikin ban yi nadamarsa ba ko na minti ɗaya. Abin da na yi nadama shi ne yunifom ɗin, da bokitin ruwan, da sunan da na sa aka fitar kafin lokacinsa.

Abin da na koya shi ne, in ka gaji ka faɗa a tsaye, idonka a buɗe, wanda zai ji haushi ya ji, domin in ka ɓoye sai an ɗauko ka a kan katifa an zagaya kasuwa da kai, sannan kuma dole ka faɗa. In kuwa ka nace sai ka yi suman ƙarya, to ka tabbata uwarka ba ta kusa. Inna ta mai da sunana inda ta ɗauko shi, na koma ta-asibiti, kuma na san ba zan sake jin sa a bakinta ba sai ranar da na suma da gaske, ranar da ba zan iya cewa na'am ba.